Yadda Ake Gudanar da Darasin da Yara ke Jan Ragamarsa, Ko da Aji Ya Cika Maƙil

Tun ranar da na faɗa a wani taron bita na malamai cewa ina ware awa ɗaya kowane mako wadda 'yan ajina ne ke zaɓar abin da za a koya a cikinta, ban huta da tambaya ba. Wani ya tare ni a ƙofar masallaci, wata malama ta kira ni a waya bayan isha'i, har da uwar yara uku da ke son ta gwada a tsakar gidanta. Tambayar kusan ɗaya ce: "Malam, ga yara saba'in a aji, ba wuta, ba kwamfuta, ga manhaja tana jira, ta ina ake farawa?"

To ga yadda nake yi da 'yan aji huɗu zuwa shida na firamare, daga farko har ƙarshe. Abu ɗaya zan faɗa tun yanzu domin kada ya zo maka ba-zata a gaba: kayan aikin suna da arha, abin da ke da tsada shi ne malam ya iya riƙe bakinsa alhali ya san amsa.

1. Fara da ofishin hedimasta

Kada ka fara a ɓoye. Ranar da jami'in duba makarantu zai shigo ya tarar da yara a gindin bishiya suna tona ƙasa, kai kuma kana tsaye hannu a baya, ba za ka sami bakin bayani ba, kuma ka saka shugabanka a kunya. Ka same shi tun makon farko na zango, ka roƙi a haɗa maka darussa biyu a jere, abin da zai ba ka minti 60 zuwa 70. Na fi son Laraba ko Alhamis bayan an dawo daga tara, lokacin da ciki ya ɗauka. Juma'a gajeruwa ce, kuma duk wata shara ko taro a kanta ake ɗorawa.

Hattara: kada kalmar "wasa" ta fito daga bakinka a ofis. Ka ce darasin kimiyya ne a aikace, ka kuma rubuta shi cikin shirin darasinka kamar kowane darasi.

2. Kayan aiki da abin da za su ci

Kana buƙatar babban gwangwanin madara da ya ƙare, a tsaga murfinsa yadda takarda za ta shiga. Sai farin kwali 10 zuwa 15, maka (alƙalamin rubutu a kan kwali) uku, littafin rubutu mai ganye 40 guda ɗaya ga kowane rukuni, tef ɗin awo irin na tela, rula, da igiyar da za a shanya zane-zanen yara a kanta. Idan ka haɗa na zango guda, a kasuwarmu bai wuce kuɗin mudun shinkafa uku zuwa huɗu ba, kuma kusan rabinsa littattafan ne. Idan aljihu ya yi rauni, bayan tsohuwar kalanda da kwalin taliya da gawayi sun ishe ka.

Ma'aunin zafi yana da amfani ƙwarai, amma ka lura da wanda kake saya. Na kemis na jikin mutum ne, yana farawa ne daga wajen digiri 35 ya tsaya wajen 42, ba zai auna maka ruwan sanyi ba. Na taɓa saya na dawo da shi gida. Wanda kake so shi ne dogon nan na ɗakin gwaji, ko ka aro daga sakandaren da ke kusa.

Hattara: kada ka ce yara su kawo kuɗi. A makarantar gwamnati wannan zai jawo maka magana. Idan kana son taimako, ka bi ta ƙungiyar iyaye da malamai.

3. Tara tambayoyi, mako biyu cur

Nan ne yawancin malamai ke karaya. Ka tsaya gaban allo ka ce, "Wa ke da tambaya?", aji ya yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Kada ka ga laifinsu. Shekara huɗu suna jin "Kun gane?" suna amsa "Eh, mun gane" baki ɗaya. A gida kuma yaro mai yawan tambaya shi ake ce wa mai surutu, wani lokaci ma a ce ba shi da kunya. Muna cewa matambayi ba ya ɓata, amma ba kasafai muke barin yaro ya zama matambayin ba.

Saboda haka a makon farko kada ka nemi tambaya da baki. Ka fita da su zagayen makaranta na minti 20, ka ce kowa ya dawo da abu ɗaya da ya gani wanda bai san dalilinsa ba. Da an dawo, ka raba guntayen takardu, kowa ya rubuta nasa da Hausa, ba suna, ya jefa a gwangwani. Wanda bai iya rubutu ba ya raɗa wa na kusa da shi ya rubuta masa. Gwangwanin ya zauna a aji duk mako, mai son ƙari ya ƙara.

Wata dabarar ita ce ka shigo da abu a hannu, ka ajiye a tebur, ka yi shiru: sheƙar tsuntsu, tsohon batir da aka fasa, albasar da ta tsiro. Sai ka fara da kanka, ka ce, "Ni dai abin da ke ba ni mamaki..." Idan yara suka ga malam ma yana mamaki, bakinsu yana buɗewa.

Ga irin abin da ya fito daga gwangwanina: Me ya sa ƙadangare ke kaɗa kai? Me ya sa gawo ke zubar da ganye da damina alhali sauran itatuwa suna kore? Daga ina hazo yake zuwa? Me ya sa azumi wata shekara yake faɗowa da zafi, wata da sanyi? Me ya sa wata yake bin mu idan muna tafiya da dare?

Hattara: a makon nan biyu kada ka amsa ko ɗaya. Kuma duk wanda ya yi wa tambayar wani dariya, ka tsayar da aji nan take. Dariya guda tana iya rufe bakin yarinya har ƙarshen zango.

4. Yara su zaɓa, kai ka tace

Ka zazzage gwangwani a gida kai kaɗai, ka ware takardun kashi uku. Na farko tambayoyin da amsarsu kalma ɗaya ce, kamar "Mene ne babban birnin Chadi?" Waɗannan ka amsa su da safe cikin minti ɗaya. Na biyu tambayoyin da ba na taron aji ba ne: na hukuncin addini, wanda za ka ce a kai wa malamin islamiyya, da na balaga ko wani abin da ke faruwa a gida, wanda za ka bi a hankali, malama ta ji na mata. Kada ka jefar da irin wannan takarda; wani lokaci yaro ne ke neman agaji.

Kashi na uku shi ne naka: tambayar da ake iya taɓawa, a auna, a gwada, ko a tambayi wani dattijo a gari. Ka ɗauki biyar ka rubuta a allo, ka zana da'ira biyar a ƙasa, kowane yaro ya ajiye tsakuwa ɗaya a wadda yake so. Ɗaga hannu ba ya aiki, domin kowa kallon babban yaron aji yake yi.

Wadda ta ci ita za a yi, ko da ba ita kake so ba. Idan ka murɗe zaɓen sau ɗaya, sun gane, kuma daga ranar za su koma rubuta abin da suke zaton malam yana so.

5. Raba rukuni

Yara huɗu ko biyar a rukuni. Aji mai 70 zai ba ka rukuni 14, kuma ba za su iya aiki a cikin ɗaki ɗaya ba, sai rabi su fita inuwa. Kowane rukuni a tabbatar akwai aƙalla ɗaya mai iya rubutu. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A makarantar allo kowa da allonsa da inda ya tsaya, babba yana biya wa ƙarami. Haka ma makarantun Montessori, tun daga ta farko da aka buɗe a birnin Rum a 1907, suke haɗa yara masu shekaru daban-daban a ɗaki ɗaya.

A zangon farko na fi ganin amfanin mata su yi nasu rukunin, domin idan aka gauraya, maza ke ƙwace tef da maka, mata su koma masu kallo.

Hattara: monita ya ajiye bulalarsa da takardar rubuta sunan masu surutu. A wannan awar surutu aiki ne. Dokokin uku ne kawai: ba duka, ba fita daga harabar makaranta, ba sa komai a baki.

6. Awar kanta

Rabon lokacin da nake bi: minti 5 na tambaya, 35 na bincike, 20 na bayani. Bari in nuna shi da tambayar da ta fi daɗe mana, wadda wata yarinya ta jefa a gwangwani: me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi?

A minti biyar na farko na rubuta tambayar, na ce kowane rukuni ya rubuta hasashensa. Wasu suka ce laka sanyi gare ta. Wasu suka ce don randa tana ɗaki ne, bokiti yana rana. Wani rukuni ya ce faifan da ake rufe ta da shi ne. Na rubuta duka a allo, ban ce wannan daidai ba, ban ce wancan kuskure ba. Sai na yi tambayar da ita ce rabin aikina: "To, ta yaya za mu gane?"

Sun ɗauki kusan minti goma suna gardama kafin wani yaro ya ce, "Malam, a sa su wuri ɗaya mana." Washegari da safe muka zuba ruwan rijiya ɗaya a sabuwar randa da bokitin roba, muka ajiye su gefe da gefe a inuwar baranda, muka rufe duka da faifai. Aka auna da safe, aka auna da tara, aka auna lokacin tashi. Na randa ya ci gaba da fin sanyi. Da haka maganar inuwa da ta faifai suka faɗi, kuma yaran da suka kawo su ne da kansu suka goge su daga allo.

Mako na biyu ne wata ta shafa jikin randar ta ce, "Malam, tana gumi!" Nan amsar ta zo har bakina. Na san ruwan yana tsattsafowa ta ƙananan ramukan laka, iska tana busar da shi, bushewar kuma tana tafiya da zafi. Da na faɗa, da an gama cikin minti ɗaya, su rubuta, su manta. Na haɗiye, na ce, "Gumin nan yana da hannu a ciki, ko dai yana nan ne kawai?" Suka yi shawara suka naɗe wata randa da leda ta yadda iska ba za ta taɓa ta ba. Ruwanta bai yi sanyi kamar na ɗayar ba. Wani rukuni ya jiƙa tsumma ya naɗe kwalba ya rataye a iska. Wani ya jiƙa hannu ɗaya, ya bar ɗaya busasshe, ya yi ta kaɗa su. Wasu suka saka sanda a randa suna alama kullum, suka ga ruwan yana raguwa ko ba a ɗiba ba.

Sai da suka kai nan na ba su sunan abin da Hausa da Turanci, na kuma ba su labarin Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, wanda ya saka tukunya a cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, kayan miya suka riƙa yin kwanaki ba su lalace ba. Wannan ya ci masa lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex a shekarar 2000. Mako na uku muka haɗa tamu, muka saka tumatir a ciki, muka ajiye wasu a tire, ana leƙawa kowace safiya.

Kalmomin da za ka riƙa yawo da su tsakanin rukuni kaɗan ne: "Me kuka gani?" "Ta yaya kuka sani?" "Wa bai yarda ba?" "Idan aka canja kaza fa?" Idan ka yi tambaya, ka ƙirga goma a zuciyarka kafin ka sake magana. Goman nan za ta yi maka tsawo sosai a farko.

Hattara: gwajin randa na rani da hunturu ne. Da damina iska cike take da laima, bambancin zai yi kaɗan, yara su rikice. Kuma duk gwajin da ya shafi wuta, wuƙa ko rijiya, kai za ka riƙe, su kalla.

7. Idan akwai waya

Mutane da yawa sun ji labarin Sugata Mitra, wanda a 1999 ya saka kwamfuta a jikin bango a wata unguwar talakawa ta New Delhi, yara suka koya wa kansu amfani da ita. Daga aikinsa na aro rabon lokacin da ke sama da kuma ba wa rukuni na'ura ɗaya su yi tarayya. Amma a ganina waya ta zo a ƙarshe. Yaron da ya fara da intanet kwafe jimla zai yi da Turancin da bai fahimta ba, ya karanto maka. Ka bari sai sun gwada da hannu, sun tambayi mutane, sannan a duba.

Wasu tambayoyin kam sai da ita ko da taswira. Maganar hazo, misali: yara za su iya gane daga wace kusurwa iskar ke busowa da tsumma a kan sanda, amma sai hoto daga sama zai nuna musu kwarin Bodele na arewacin Chadi, inda ƙura mai yawa ke tasowa.

Hattara: wayar tana hannunka ko a gabanka. Ka sauke hoto ko bidiyon tun a gida, kada ka miƙa wa yara buɗaɗɗen intanet ka juya baya.

Kada kuma ka manta da mutanen gari. Maginiyar tukwane, maƙeri, mai gyaran rediyo, marini, dattijon manomi, duk sun fi waya amfani. Tambayar gawo wani tsohon manomi ne ya buɗe mana ita, da ya nuna wa yara yadda gero ke fin kyau a ƙarƙashinsa.

8. Bayani da gyaran kuskure

Rukuni 14 ba za su yi magana duka a minti 20 ba. Ka kira huɗu kowane mako, minti uku-uku, sauran su rataye kwalinsu a igiya a zagaya a gani. Mai bayani ya riƙa canjawa, kada kullum ya zama mai bakin nan.

Barin yara su ja ragama ba ya nufin barin kuskure ya kwana. Idan rukuni ya ce wata yana bin mu ne saboda yana tafiya tare da mu, ka fara tambayar aji ko akwai mai ja. Idan babu, ka kawo abin da zai girgiza maganar: "Idan ni na yi gabas, kai ka yi yamma, wa zai bi?" Idan har lokaci ya ƙure ba su kai ba, ka faɗi gaskiyar a fili. Idan kuma kai ma ba ka sani ba, ka ce, "Ban sani ba, zan bincika," ka kuma dawo da amsar. Girmanka ba zai ragu ba.

9. Ɗaure shi da manhaja

Bayan kowace awa ka zauna minti goma ka rubuta abin da aka taɓo. Randa ta ba mu yanayin ruwa da tururi a kimiyya, awo da jadawali a lissafi, rubutun rahoto a Hausa, sana'ar tukwane a zamantakewa. Tambayar azumi ta zama lissafi tsantsa: shekarar wata kwana 354 ce, ta rana 365, bambanci kwana 11, da suka raba 365 da 11 suka gano azumi yana zagaye dukkan lokutan shekara cikin kimanin shekara 33. Wannan rubutun shi za ka nuna wa duk wanda ya tambaye ka ina manhaja.

Kada ka ba da maki a wannan awar. Da zarar jan biro ya shigo, yara za su daina faɗin abin da ba su tabbatar ba. Littafin rukuni shi ne shaida: ka duba ko tambayoyin mako na goma sun fi na makon farko zurfi.

Hattara: wannan awar ba ta maye gurbin koyar da karatu da lissafi. Yaron da bai iya haɗa baƙi ba yana buƙatar malam ya zauna ya koya masa kai tsaye, kullum. Na ga wanda ya ɗauki abin da zafi ya saki komai, ƙarshen zango yaran suna da bakin magana amma ba su iya karanta tambayar jarrabawa.

10. Iyaye, da mai son yi a gida

Cikin wata guda za a fara kawo maka ƙara: yaro ya dami mutane da tambaya, ya naɗe randar gida da leda. Ka riga su. Ka koya wa yara yadda ake tambayar babba: a yi sallama, a gaida shi, a nemi izini, a jira ya gama abin da yake yi. A ƙarshen zango ka gayyaci iyaye na rabin awa, yara su nuna aikinsu da bakinsu. Wani uba da ya zo da faɗa a ransa ya tsaya yana kallon 'yarsa tana bayanin tukunyar tumatir, da zai tafi sai ya tambayi irin yashin da ake sawa.

A gida abin ya fi sauƙi. Uwa ta ajiye gwangwani a kicin ko a ɗaki, a buɗe shi ranar Asabar bayan la'asar, a ɗauki takarda ɗaya. Yara uku sun isa rukuni, da na maƙwabta ya fi armashi. Minti 30 ya isa ga 'yan ƙasa da shekara bakwai, kuma su ba sai sun rubuta ba, zane ya wadatar.

Idan zangon farko ya tafi lafiya, a na biyu ka bar kowane rukuni ya zaɓi tambayar da yake so ya bi ta mako huɗu, ko da wasu rukunoni sun haɗu a kan tambaya ɗaya. Amma kada ka wuce tambaya huɗu a aji lokaci guda, domin ƙafa biyu gare ka, kuma kowane rukuni yana buƙatar ka tsaya a kansa aƙalla sau ɗaya kafin a kaɗa ƙararrawa.